Kaza, Kananzir Ko Batir: Da Me Sabon Shiga Zai Fara Ƙyanƙyasa A Katsina?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanena ya biyo ni gida a Ƙofar Marusa, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani injin ƙyanƙyasa ne, dogo kamar firji, mai cin ƙwai sama da 500. Ya ce, "Yaya, wannan nake so in saya, kuɗin adashena ya fito." Ban tambaye shi kuɗin injin ba. Na ce masa, "A unguwarku, daga asuba zuwa asuba, awa nawa kuke samun wuta?" Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Na ƙara da cewa, "Ƙwai 500 masu zakara, waɗanda ba su wuce kwana 7 da nasawa ba, a ina za ka same su a lokaci guda?" Daga nan hirar ta koma inda ya kamata a fara ta.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya fashe, wato awa 504. A cikin waɗannan awoyi yana son zafi mai tsayawa wuri ɗaya, digiri 37.5 a injin da ke da fanka, yana son danshi daidai gwargwado, yana son iska, yana kuma son a riƙa juya shi har zuwa kwana na 18. Duk wata hanyar ƙyanƙyasa, tun daga kazar kaka har injin da aka shigo da shi daga Sin, waɗannan abubuwa huɗu take ƙoƙarin samarwa. Saboda haka in za a gwada su da juna, sai a gwada su a kan wanne ne zai iya riƙe awa 504 a garin nan namu, da wutarmu da hunturunmu da zafin bazararmu. Yawan ramukan ƙwai da aka rubuta a jikin kwali shi ne abu na ƙarshe da za a duba.

Bari in fara da kaza, don mutane da yawa da zarar sun ji maganar inji sai su raina ta. Gwaggona da ke wani ƙauye a ƙasar Daura ta fi shekara 40 tana kiwo, ba ta taɓa ganin ma'aunin zafi ba. In kazarta ta kama kwanci, takan zuba mata ƙwai 10 ko 12 a cikin tsohon kasko da ɗan yashi da toka, ta ajiye a lungun da ba hayaniya. Kazar ce ke juya ƙwan da baki, ita ke tashi ta sha iska ta dawo, ita ta san lokacin da za ta ɗaga jiki in rana ta yi zafi. A abin da na gani da idona, in ƙwan na da kyau, cikin 10 da wuya a rasa 8. Babu injin ɗan koyo da zai ba ka wannan a karon farko. Sannan in sun fito, uwa ce ke ɗumama su, ita ke koya musu tono, kai ba ka sayi gawayi ba, ba ka kunna fitila ba.

Inda kaza ta gaza shi ne a yawa da kuma lokaci. Ba ka da iko a kan ranar da za ta kama kwanci. Ta kwanta sati 3, ta yi wata 2 ko fiye tana yawo da 'ya'ya, duk wannan lokaci ba ta yin ƙwai. A shekara da ƙyar ta zagayo sau 3 ko 4. Ga shirwa, ga muzuru, ga ƙuma da ke damun mai kwanci har ta gudu ta bar ƙwai. Ba banza aka ce kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa ba. Asarar kiwon gida ba a wajen fashewa take ba, a makonnin da ke biyo baya take. Kuma kajin zamani irin su Noiler da na gidan gona masu ƙwai ba kasafai suke kwanci ba, don tun wajen zaɓen iri aka rage musu wannan ɗabi'a. Wanda ke kiwon su kuma yana son 'yan tsaki daga gidansa, ko dai ya nemi kazar Hausa ta kwanta masa, ko ya nemi inji.

Hukuncina a nan a fili yake. In abin da kake so 'yan tsaki 20 ko 30 ne a shekara don sallah da suna da baƙi, kada ka sayi inji. Ka sayi daƙwale biyu masu kyan kwanci, ka gyara akurki, ka tsare 'yan tsakin a killace wata guda. Kuɗin inji ka sa a rigakafi da dusa.

Sai inji mai amfani da kananzir. Akwati ne na katako ko ƙarfe, da fitila a gefe ko a ƙasa, zafin na bi ta bututu ko ta tankin ruwa ya ɗumama ciki. Amfaninsa ɗaya ne babba, bai san an ɗauke wuta ba. Amma wanda ya taɓa ƙyanƙyasa da shi zai gaya maka cewa kwana 21 ɗin nan ba ka da barci mai nauyi. Lagwani yana son gyara, in ya yi tsawo ya yi hayaƙi, in hayaƙin ya shiga ciki ya cutar da abin da ke cikin ƙwai, tunda ta ƙananan ƙofofin ɓawo yake numfashi. Da tsakar dare sanyi ya sauko sai ka ƙara wuta, da hantsi sai ka rage. Juya ƙwai da hannu ne, aƙalla sau 3 a rana, in da hali sau 5, ana yin mara, wato adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, don kada ƙwan ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Ga tsadar kananzir a yanzu, ga tsoron gobara a gidan da ke da yara da danni. Na yarda yana da wurinsa: ƙauyen da babu layin wuta, babu halin sola, kuma akwai dattijo ko dattijuwa mai natsuwa da ke wuni a gida. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa da zai fita da safe sai magariba, ban ba da shawararsa ba.

Yanzu ga wanda ya fi cika kasuwa, ƙaramin inji na roba mai cin ƙwai daga 24 zuwa 60 ko ɗan fiye, mai fanka, mai juya ƙwai da kansa, mai allo da ke nuna zafi da danshi. A nan ne zan ɗan daɗe, don a nan ne yawancin masu farawa ke zuba kuɗinsu, kuma a nan ne na yi tawa asarar.

Iri biyu ne, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai mai amfani da wutar gida kaɗai, akwai mai hanya biyu, wutar gida da kuma batir mai volt 12. Na farkon da na saya mai hanya ɗaya ne. Na zuba ƙwai 48 a watan Disamba, komai na tafiya daidai har kwana na 12, sai turansifomar unguwa ta lalace. Na yi ta fama da ɗan janareta, in ya yi awa uku sai a kashe ya huta, mai ya ƙare cikin dare. Na lulluɓe injin da bargo, na sa gorunan ruwan ɗumi a gefe. 'Yan tsaki 9 na samu, su ma sun makara da kwana guda. Da na fasa sauran a bayan gida na ga halitta ta cika a wasu, har da gashi, raina ya ɓaci ƙwarai. Rai ne aka fara, sakacina wajen shiri ya katse shi.

Ƙwai na iya jure ɗan sanyi na awa biyu ko uku, tunda kaza ma takan tashi ta bar shi. Abin da ba ya jurewa shi ne dogon sanyi na dare bayan dare. Saboda haka a Katsina, inji mai hanya ɗaya na wanda ya riga ya mallaki inbata da batura a gidansa ne. Kowa ban da shi, mai hanya biyu ya dace ya nema, kuma ya ɗauki batir a matsayin rabin injin, ba ƙari ba.

Ga yadda nake lissafi. Duba takardar injin ka ga watt nawa yake ja. A ce 80 aka rubuta. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan watt 1,200 na awa guda, amma irin batir na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 600 ke nan. Raba 600 da 80, ka samu awa 7 da rabi in hita na ci ba tsayawa. To hita ba ya ci ba tsayawa, yana kamawa yana saki, saboda haka a daren damina zai kai ka fiye da haka nesa ba kusa ba, a daren Janairu kuwa da sanyi ke ratsa bango zai matso kusa da wannan adadi. Da rana faifan sola ne zai ciyar da injin ya kuma mayar wa batir abin da ya rasa, kuma Allah Ya hore mana rana a nan. Sai dai ƙurar hunturu na rufe fuskar faifan, a riƙa gogewa duk safiya. Batirin mota na iya ceton ka na dare ɗaya, amma ba don irin wannan aiki aka yi shi ba, zai mutu da wuri.

Wannan lissafin ne ya sa na hana ƙanena babban inji. Mai cin 500 yana jan wuta ninkin ba ninkin, baturansa da faifansa sai su fi shi kansa tsada, kuma kuskure ɗaya na ɗan koyo zai tafi da ƙwai 500 maimakon 40.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa, wataƙila don a inda aka ƙera injin ba a san irin zafinmu ba. Injin ƙyanƙyasa ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan kai digiri 40, ɗakin kwano mara silin kuwa ya wuce haka da azahar. In ɗaki ya fi 37.5, hita zai kashe kansa, amma zafin cikin injin zai ci gaba da hawa, musamman a mako na uku da 'yan tsakin ke fitar da nasu zafin daga cikin ƙwai. Zafi fiye da kima ya fi sanyi saurin kisa; 'yan awoyi sama da digiri 40 sun isa su lalata zubi guda. A bazara ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin siminti da kwano, a ajiye injin a ƙasa nesa da taga, a yayyafa ruwa a daɓe. Ga mai farawa dai, ni cewa nake ya bar bazara ta wuce. Ya fara da damina ko bayan kaka.

Danshi ma haka yake bin kalandarmu. Abin da ake nema shi ne kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwanaki 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe. A hunturu iskar ta bushe har leɓe na tsagewa, ruwan da ka zuba da safe kafin la'asar ya tafi. In danshi ya yi ƙasa a ƙarshe, fatar cikin ɓawo ta bushe ta manne wa ɗan tsako, ya huda ya kasa juyawa ya mutu a ciki. Abin da ke ƙara danshi faɗin fuskar ruwa ne, ba zurfinsa ba, don haka faranti mai faɗi ko soso mai tsabta da aka jiƙa ya fi kofi mai zurfi. Ruwan ya zama mai ɗumi. A watan Agusta kuma, lokacin marka, matsalar juyewa take yi: iskar da kanta a jiƙe take, in ka cika ramukan ruwa kamar yadda takarda ta ce, ƙwan ba zai rage ruwan jikinsa yadda ake so ba. Ƙwai ya kamata ya rasa kusan kashi 12 ko 13 cikin 100 na nauyinsa kafin kwana na 18, kurmin iskar da ke gefen mai faɗi ya girma, don da wannan iskar ɗan tsako ke fara numfashi kafin ya huda ɓawo.

Kada kuma ka yarda da allon injin shi kaɗai. Sau da yawa ƙananan injinan nan na nuna 37.5 alhali a kan ƙwan ba haka ba ne. Sayi ma'aunin zafi na daban, ko irin na asibiti, ka ajiye shi daidai tsayin ƙwai, ka kunna injin babu komai ciki na awa 24 ka ga ko sun yarda da juna. Ka duba kusurwoyi ma, don wasu gefensu ya fi tsakiya sanyi.

Sai na huɗu, injin haɗin gida. Matasa masu gyaran lantarki a cikin gari na haɗa shi da tsohon firji, ko kular ƙanƙara, ko akwatin katako: ƙwan fitila irin na da mai zafi, ko wayar hita, da ƙaramar fankar kwamfuta, da na'urar daidaita zafi irin su W1209 mai volt 12, ko STC-1000, ko XM-18 mai haɗa zafi da danshi da juyawa. Ƙwan fitilar zamani mai tsimin wuta ba ya aiki a nan, tunda ba ya ba da zafi. Ina son irin wannan inji saboda dalili biyu. Jikin firji na riƙe ɗumi fiye da robar injin kanti, in wuta ta ɗauke yakan daɗe bai huce ba. Kuma in wani abu ya lalace, wanda ya haɗa yana nan kusa, kayan gyara na kasuwa. Amma ingancinsa ya rataya ne a kan hannun da ya haɗa. Wani ya manta da ƙofofin iska, wani ya sa fitila dab da ƙwai, wani fankarsa na hura gefe ɗaya. Ɗan koyo bai san yadda inji mai kyau ke aiki ba balle ya gane mara kyau. Don haka ni na ɗauke shi inji na biyu, bayan ka yi zubi uku ko huɗu da ƙarami ka san kan abin. In kuma dole da shi za ka fara, ka ce wa mai haɗin ya kai ka wajen wanda ya riga ya ƙyanƙyashe da irinsa, ka gani da idonka.

Duk wannan magana ta inji ce, amma rabin nasara a ƙwai take, kuma wannan ya shafi kowace hanya ka zaɓa. Ƙwan kiret da ake sayar wa masu shayi daga gidan gona yake, inda kaji ke keji babu zakara. Ko shekara ya yi a inji ba zai fashe ba. Na ga wanda ya zuba irinsa ya zauna jira. Ƙwan kasuwar ƙauye kuma, irin wanda ake samu a Mai'aduwa ko Charanchi ko Mashi, yana da zakara galibi, amma ba ka san kwanansa ba, ba ka san rana nawa ya sha a tire ba, sannan ya sha girgiza a mota. Mafi kyau shi ne ƙwan gidanka ko na maƙwabcin da ka sani, zakara ɗaya lafiyayye ga kaji 8 zuwa 10. A tara na kwana 7 ko ƙasa da haka, tsinin a ƙasa, a wuri mai sanyi. Gindin randa a kan jiƙaƙƙen yashi ya wadatar. Ba a sa shi a firji, ba a kuma wanke shi, don akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke tare ƙwayoyin cuta. Mai tsagu, mai ƙazanta da yawa, da wanda ya cika girma ko ƙanƙanta, a kai su kicin. Wanda ya zo daga tafiya a bar shi ya huta rabin yini ko yini guda kafin a zuba.

A kwana na 7 ka shiga ɗaki mai duhu da tocila, ka haska kowane ƙwai ta gefen mai faɗi. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fes, babu zakara. Wanda ke da jan zobe, ya fara ya mutu. Ka cire su, don baragurbi in ya fashe a ciki zai gurɓata sauran. Ka sake dubawa a kwana na 14 da na 18. Daga na 18 a daina juyawa, a ƙara ruwa, a rufe, a haƙura. Daga hudawa zuwa fitowa ɗan tsako kan ɗauki awa 12 har 24, kuma yawan buɗe murfi don leƙe shi ke kwashe danshin da 'yan uwansa ke buƙata. Wanda ya fito a bar shi ya bushe a ciki. Gwaiduwar da ya shanye kafin fitowa za ta riƙe shi yini guda ko biyu.

Mu nan ba ma rabuwa da zabi, kuma da damina ƙwansu ke samuwa. Ƙwan zabuwa kwana 26 zuwa 28 yake yi, na talotalo 28, na agwagwar gida irin tamu kusan 35. In kana son zabi da kaji su fito tare, sai ka riga zuba na zabi da mako guda. Gwaggo takan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta, domin ta fi zabuwa iya raino. Ga karon farko dai ka tsaya a kan iri ɗaya.

Akwai kuma hanyar da ba ƙyanƙyasa ba ce sam, amma adalci ne a ambace ta: sayen 'yan tsakin kwana ɗaya. In burinka kaji masu saurin girma ko masu yawan ƙwai, irin su Noiler, ko FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta, ko ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar, sayen 'yan tsakin ya fi sauƙi. Irin waɗannan kaji an haɗa su ne daga iyaye zaɓaɓɓu, in ka ƙyanƙyashe ƙwansu a gida 'ya'yan ba lallai su kamo iyayen ba. Inji ya fi amfani ga mai son yawaita kajin Hausa da zabi, ko mai son karɓar ƙwan mutane ya ƙyanƙyashe musu a biya shi.

Kuma wanda ya zaɓi inji ya sani ya zama uwa. Kafin kwana na 21 ya tanadi wurin raino, da buntun shinkafa a shimfiɗe, da tukunyar gawayi ko fitila, zafi digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa da kusan 3 duk mako. In sun cure a jikin wuta sanyi suke ji, in sun watse bakin bango suna haki zafi ya yi yawa. Rigakafin Newcastle, annobar nan da ke share akurki a hunturu, da na Gumboro, wata cutar 'yan tsaki, a je wajen likitan dabbobi ya tsara lokutansu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin waɗannan magunguna, kuma kwalba ɗaya ta fi ƙarfin 'yan tsaki 30, don haka maƙwabta kan haɗu su yi rana ɗaya.

Ƙanena a ƙarshe mai cin 56 ya saya, mai hanya biyu, da batir ɗaya da faifan sola ɗaya, sauran kuɗin ya sayi kajin Hausa 12 da zakaru 2. Na ce ya bar biyu daga cikin kajin su yi kwancinsu yadda suka saba, a zuba musu ƙwai rana ɗaya da na injin, daga tari ɗaya. In na kaza ya fashe na inji bai fashe ba, ya san matsalar a injin take ko a hannunsa. In duka biyun suka ƙi, sai a koma kan zakara. Ya ce, "To Yaya, yaushe zan zuba?" Na ce ya jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni, kafin nan ya kunna injin babu ƙwai ya ga dare nawa batirin zai kai shi asuba.